Ƙurar Damagaram da yaɓen injin jirgi

Jama'a barkanmu da war haka. Shekarata bakwai ke nan a Tuluz nan Faransa ina aikin duba injin jirgin sama, kuma wallahi duk ran da na zura 'yar kyamarar nan cikin inji na ga yaɓen fikafikan turbin, wato fankar da iska mai zafi ke juyawa a cikin injin, ya soma ɓamɓarewa sai Birnin Damagaram ya faɗo min a rai.

Iskar da ke dukan fikafikan nan zafinta na wuce digiri 1500, alhali ƙarfen nikel ɗin da aka ƙera su da shi tun wajen 1300 da ɗoriya yake fara narkewa. To abin da ke ceton sa biyu ne, iska mai ɗan sanyi da ke fita ta ƙananan hudoji, sai wani yaɓe irin na tangaran, na sinadarin zirkoniya da aka sa wa wani sinadarin mai suna itiriya kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari, kaurinsa ko rabin milimita bai kai ba. Babban abokin gabansa kuwa ƙura ce, irin tamu ɗin nan da muke sharewa safe da yamma. Tana kankare shi kamar sanfefa, in ta kai wajen digiri 1200 kuma ta narke ta cika 'yan ramukan da aka bar masa don ya riƙa miƙewa tare da ƙarfe, inji na hucewa sai ta daskare kamar gilashi, shi ke nan yaɓe ya tsage ya zubo.

Ni fa na ga irin wannan tun ina yaro. Kawuna magini ne, da makuba yake shafe katanga, da mutane suka koma shafa siminti kan ginin laka ya ce ba za su zauna lafiya ba don ba tare suke numfashi ba. Damina biyu siminti ya ɓalle falle falle, ina tsaye na gani.

Abin da ke min ciwo shi ne, a 2010 toka ta tashi daga wani dutse mai aman wuta a ƙasar Aisland aka rufe sararin Turai kusan kwana shida, duniya ta ɗauka. Mu kuwa kowane hunturu hazon kwarin Bodele da ke Cadi yake rufe mu har rana ta koma kamar faranti, amma a nan yawanci da ƙurar Arizona ta Amurka ake gwaji. Ƙura ba iri ɗaya ba ce, kowacce da gishirinta da zafin da take narkewa, kuma a ganina yaranmu masu karatun kimiyya a Damagaram su suka fi cancanta su san tamu ciki da bai, su ne ya kamata kamfanoni su zo su tambaya.

Na riga na ce wa ƙanwata da hunturun bana ta ɗebo min wadda ke kwanciya kan tagar Inna, ta zuba a kwalba ta ba duk mai tahowa.