Intanet ɗaya ba ya haɗa kan manhajojin kamfani

Mutane da yawa suna ɗauka cewa muddin kwamfutocin kamfani na kan intanet ɗaya, manhajojinsu za su riƙa musayar bayanai da kansu. Ba haka ba ne. Akanta na aiki da manhajar lissafin kuɗi ta QuickBooks, mai sito na lissafinsa a Excel, kowanne da rumbun bayanansa. Sai an gina musu gada, wato API, hanyar da manhaja ɗaya ke musayar bayanai da wata.

A ganina, bayan gadar ne wahalar take. Can an rubuta "siminti 50kg", nan "buhun siminti". Manhaja za ta ɗauke su kaya biyu. Haka kwanan wata 03/04: a tsarin Amurka 4 ga Maris ne, a na Ingila kuwa 3 ga Afrilu. Dole kowane kaya ya samu lamba guda, a kuma tsayar da manhajar da za a bi in lissafi ya saɓa.