Mudu Biyu A Waya Ɗaya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wannan nasiha ce gare ni tukunna kafin ta iso kanku, don ni ma abin ya ci ni.

Lokacin muna yara akwai wani mai awo a bakin kasuwarmu, kwano biyu ne da shi. Wanda yake sayen hatsi da shi a hannun mutanen ƙauye an bubbugo gindinsa waje ya yi zurfi, wanda yake auna wa matan unguwa kuma an danna gindin ciki. Kowa ya sani, kowa na Allah wadai da shi, in liman ya karanto "Wailun lil muɗaffifin" a sallar isha har satar kallonsa ake yi bayan sallama. Allah ya ce azaba ta tabbata ga masu tauye mudu, waɗanda in za su karɓa sai an cika musu taf, in su za su auna wa mutane sai su rage. Toh wallahi da yawanmu yau irin wannan kwanon biyu muke yawo da shi a cikin waya, sai dai mu ba gero muke aunawa ba, mutuncin mutane da amanar ƙasa muke aunawa.

In jarida ta bankaɗo badaƙalar ɗan takarar da ba namu ba, ko kanun labarin ba mu gama karantawa ba mun tura guruf biyar, har da "Allah ya tona asirin azzalumai". In kuma namu ne aka taɓo, nan take mun zama lauyoyi, ina hujja, ai kotu ba ta yanke ba, ai yarfe ne, bi-ta-da-ƙulli ne, ɗan jaridar nan an saye shi. Ɗan jarida ɗaya fa! Jiya gwarzo ne mai tsage gaskiya, yau ɗan kwangila ne, shi bai canza ba, wanda ya taɓa ne ya canza.

Ku tuna rigimar takardar sakandare ta Buhari a 2015. Wasu suka ce ina ruwanmu da takarda, mutumin da ya kai janar. A lokacin Atiku yana APC tare da shi, mutanensa na cikin masu kare shi. Da Atiku ya koma PDP aka zo 2019, maganar takardar nan tana cikin abin da aka kai kotun zaɓe, su kuma lauyoyin APC suka ce ai Atikun ma ba haifaffen Najeriya ba ne, tunda lokacin da aka haife shi a 1946 Jada ba ta shigo Najeriya ba sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961. Mutumin da ya yi mataimakin shugaban ƙasa shekara takwas, kuka zauna jam'iyya ɗaya da shi, sai ranar kuka tuna. A 2023 aka koma kan takardar Tinubu ta jami'ar Chicago State har gaban kotun Amurka, sai ga masu cewa takarda ba komai ba ce sun zama masu binciken takarda, wasu masu binciken jiya kuma sun yi gum.

Mu a Kano ma ba sai an ba mu labari ba. Watan Oktoba na 2018 da Daily Nigerian ta saki bidiyon da aka ce gwamna Ganduje ne ke karɓar daloli, shi ya musanta har ya kai ƙara, ni kuma ba alƙali ba ne, ba hukuncin nake magana ba. Abin da na gani da idona a teburin mai shayin layinmu nake faɗa. Mutum biyu, abokan juna tun firamare, waya ɗaya a tsakaninsu, ɗaya tun bidiyon bai gama buɗewa ba yake cewa "ka gani ko, ɓarawo!", ɗayan kuma ya kau da kai ya ƙi ma kallo yana ta rantsuwa haɗi ne na kwamfuta. Shayinsu ya huce, mai shayi na cewa Malam don Allah ku yi a hankali kar ku kifar min da madara. Da aka zo rusau na 2023 'yan jarida suka fara tambayar sabuwar gwamnati, wallahi mutanen nan biyu musayar baki kawai suka yi, kalmomin wancan suka dawo bakin wannan.

Allah Maɗaukaki ya rufe mana ƙofofin biyu duka. A Suratun Nisa'i aya ta 135 ya ce ku tsaya da adalci, ku ba da shaida don Allah ko da a kan kanku ne ko iyaye ko dangi. In uwa da uba ba su tsira ba ina ga ubangidan siyasa da ko sunanka bai sani ba? A Suratul Ma'ida aya ta 8 kuma ya ce kada ƙin wasu mutane ya sa ku ƙi yin adalci. Sannan ga hadisin matar nan ta Banu Makhzum da ta yi sata, aka tura Usama bin Zaid ya yi ceto saboda ƙaunar da Annabi (SAW) yake masa, fuskar Manzon Allah ta canza, ya ce abin da ya halaka na gabanku shi ne in babba ya yi sata su ƙyale shi, in mai rauni ya yi su tsayar masa da haddi, ya rantse ko Faɗima 'yarsa ce da ya yanke hannunta. Mu kuma yau sauya sheƙa ce wankan tsarki, har wani shugaban jam'iyya ya taɓa faɗa a gangamin 2019 a Benin wai wanda ya shigo cikinsu an yafe masa zunubansa, ko da wasa ya faɗa ai mu da gaske muke aiki da ita, kowace jam'iyya kuwa.

Kar wani ya fahimce ni a baibai, ban ce a daina bincikar 'yan takara ba. Ai da Faɗima bint Ƙais ta zo neman shawara kan masu neman aurenta, Annabi (SAW) faɗa mata ya yi ƙarara, Mu'awiya ba shi da dukiya, Abu Jahm kuma ba ya sauke sanda daga kafaɗarsa. In an halatta faɗin aibi don a tsare mace ɗaya, ina ga wanda ke neman a damƙa masa asibitinmu da makarantar yaranmu shekara huɗu? A tambaye shi, a tona, ɗan jarida ya yi aikinsa. Sharaɗin kawai na Suratul Hujurat ne, a tabbatar kafin a yaɗa, kuma kwanon da ka auna nasu da shi ka auna naka. Ya kai ƙanena sojan baka, mai zagin sa'an mahaifinka saboda kuɗin data, ranar da za a kwashe ladanka a biya waɗanda ka ci mutuncinsu, oga ba ya wajen, yana can da nasa lissafin.

Na ce abin ya ci ni. Kafin zaɓen da ya wuce wani hoto ya shigo min na wani ɗan takara da ba na so, da rubutu a ƙasa wai ga gidan da ya saya da kuɗin jama'a. Ban tsaya ba na tura guruf ɗin tsofaffin ɗalibanmu da na 'yan masallaci. Bayan kwana biyu wani ƙanena ya kira ni a gefe ya ce Yaya, hoton nan fa na wani otal ne a wata ƙasa, ya nuna min. Na goge, na rubuta cewa ƙarya ce a yafe min, mutum uku ne kawai suka amsa. Jiya-jiyan nan hoton ya sake dawo min ta wani guruf daban, da rubutunsa yadda na tura shi.