Muryar tamu ce, eriyar ta wasu

Duk wanda ya tashi a gidan Kirista a ƙauyukan Filato ko Kudancin Kaduna ko wajajen Numan a shekarun 1960 da 1970 ya san yadda ake murɗa rediyo a gajeren zango da yamma, ana fama da shuuu har a kamo waƙoƙin bishara da Hausa. Abin da da yawa ba su lura ba shi ne, muryar nan da suke ji kamar ta 'yan zumuntar cocinsu sai ta je Laberiya ko Habasha tukuna kafin ta dawo kunnensu.

Ga yadda abin yake. A 1954 mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission), wanda daga cikinsa ikilisiyar ECWA ta fito, ya buɗe Rediyo ELWA kusa da Monrovia. A 1963 kuma tarayyar 'yan Lutheran ta duniya ta buɗe tata tashar a Addis Ababa, Sarki Haile Selassie da kansa ya buɗe ta. Mu nan abin da muke da shi situdiyo ne kawai, ta Muryar Bishara a Jos, can Ngaoundere a Kamaru kuma Sawtu Linjiila na yin na Fulatanci. A tara mawaƙa a ɗaki, a naɗi waƙa da wa'azi a faifai, a ɗaure a tura wata ƙasa, can ne ake da manyan injinan da za su cilla muryar ta ƙetare dazuzzuka ta sauko ƙauyen da ko lantarki babu, batir huɗu ne a cikin rediyo kuma maigida na lissafinsu.

To matsalar aron eriya ita ce ranar da mai ita ya shiga uku kai ma ka shiga. Sojojin Derg da suka kifar da Haile Selassie a 1974 sun ƙwace tashar Addis a watan Maris na 1977 suka mai da ita bakin juyin juya halinsu. ELWA kuma yaƙin basasar Laberiya ya ragargaza ta a 1990. Mawaƙan Jos ba ruwansu da ko ɗaya daga cikin rigingimun nan amma su ma an rufe musu baki, sai da aka koma neman hayar lokaci a wasu tashoshin.

Wasu za su ce ai maganin a fili yake, a ba kowace ikilisiya lasin ta buɗe tashar ta a garinta. Dokar da ta kafa hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin a 1992, wadda ta ba 'yan kasuwa damar buɗe gidajen rediyo, ita ce kuma ta hana a ba ƙungiyar addini ko jam'iyyar siyasa lasin. Ni dai ban ga laifin wannan ba, kuma ina faɗa ne da sanin wasu 'yan'uwa ba za su ji daɗi ba. Wanda ya tuna rikicin Kafanchan a 1987 da na Zangon Kataf a 1992 ya san abin da kalma ɗaya a lasifika ke iya jawowa, balle a ce kowane ɓangare yana da tasharsa awa ashirin da huɗu babu mai taka masa birki.

Ni a ganina ba lasin ne muka rasa ba, aikin da waɗancan ƙananan situdiyo suka yi ne muka yar. Su sun ɗauki waƙar mutanen ƙauye da muhimmanci. Littafin Waƙoƙi da muke rerawa a sujada yawancinsa karin Turawa ne aka sa wa kalmomin Hausa, wani lokaci har karin ya murɗe kalmar ta fita daga yadda Bahaushe ke furta ta. Amma waƙar zumuntar mata da ta 'yan ƙungiyar bishara ta Sabon Rai daban take, tulu ne da ganga da kacau-kacau, mace ɗaya ta ba da waƙa saura su amsa, labarin Ayuba ko na ɗan da ya ɓata a zuba shi cikin karin da aka saba ji wurin niƙa da gayya. Matar da ba ta taɓa shiga aji ba da haka ta haddace Littafi Mai Tsarki, kuma jin irin muryarta a rediyo ya nuna mata abin nata ma abu ne.

Yanzu kunna FM ranar Lahadi ka ji. Lokaci na sayarwa ne, wanda ya fi kuɗi shi ke samun minti talatin, rabi ya tafi a tallan taron farkawa da lambar waya, waƙar da za a sa a tsakani kuwa ta kibod ce mai sauti iri ɗaya daga Jos har Jalingo. Ba wai na ƙi kibod ba fa, matasa na ƙoƙari, amma yaushe rabon da ka ji an bi mata har ƙauyensu an naɗo su yadda suke yi a filin coci?

Sannan ga tsofaffin faifai da kaset, waɗanda zafi da laima ke cinye su a hankali ko an taɓa su ko ba a taɓa ba. Duk wata ikilisiya ko iyali da ke riƙe da su, ECWA ce ko LCCN ko COCIN ko EYN, ya kamata a fito da su a juye a kwamfuta tun akwai dattawan da za su saurara su ce wannan muryar wance ce, daga gari kaza, a taron shekara kaza. Kuɗin aikin bai kai na sayen janareto ɗaya na babban coci ba, ɗalibai biyu daga makarantar tauhidi ta Bukuru ko ta Kagoro da na'ura mai kyau za su iya somawa a hutun nan mai zuwa.