Masu Cewa Na'ura Ta Binne Lissafin Fiziks, Su Fara Faɗa Mana Abin da Ke Cikin Rana

Tun ranar 8 ga Oktoban 2024 da kwamitin Nobel ya ba John Hopfield da Geoffrey Hinton kyautar fiziks kan aikin da ya zama tushen ƙirƙirarriyar basira ta yau, washegari kuma Demis Hassabis da John Jumper na Google DeepMind suka raba ta kemistiri da David Baker, wata magana ta samu gindin zama. Wai zamanin masanin da zai zauna ya ƙulla ka'ida, ya gina samfurin lissafi, ya gwada shi a kwamfuta, ya shuɗe. Wai a tara bayanai kawai a ɗura wa ƙirƙirarriyar basira, ita za ta tofo amsa. Masu tallar kamfanoni suka ɗauko waƙar, 'yan jarida suka yi amshi, yanzu har ɗalibai masu neman digiri na uku sun fara kallon fiziks na ka'ida a matsayin sana'ar da kasuwarta ta watse.

Waƙar ma tsohuwa ce. A 2008 Chris Anderson, editan mujallar Wired na lokacin, ya rubuta cewa ambaliyar bayanai ta kawo ƙarshen ka'ida. An yi dariya an wuce. Abin da ya canza yau shi ne masu faɗar maganar suna da biliyoyin daloli a aljihu, kuma mai kuɗi ko tari ya yi sai a ce ya yi fasaha.

To, a bi mu zuwa wani ramin haƙar zinare a Dakota ta Kudu a Amurka. A can, kusan kilomita ɗaya da rabi a ƙarƙashin ƙasa, Raymond Davis ya girke tanki mai ɗauke da kusan lita 380,000 na ruwan sinadarin wankin kaya. Yana farautar nutirino, waɗannan ƙwayoyin da ke fitowa daga tsakiyar Rana su ratsa duniya ba tare da sun taɓa komai ba sai nadiran. Idan ɗaya ta yi karo da ƙwayar kulorin sai ta mayar da ita agon, a matsakaici ƙwaya ɗaya cikin kwana biyu. Bayan 'yan watanni Davis ya tace tankin gaba ɗaya ya ƙirga 'yan ƙwayoyin nan. Abokin aikinsa John Bahcall kuwa ya riga ya lissafa adadin da ya kamata a samu, daga samfurin da ya gina na cikin Rana: nauyinta, zafinta, yadda haidurojin ke haɗewa ya zama hiliyom. Sakamakon farko ya fito a 1968, kuma abin da tankin ya riƙa kamawa bai wuce kashi ɗaya cikin uku na lissafin Bahcall ba.

Sama da shekara 30 ana yi wa mutanen nan biyu kallon ɗayansu ya yi shirme. Mafi yawa Bahcall ake zargi, kuma zargin yana da hujja, domin nutirinon da tankin ya fi kamawa suna da tsananin dogaro da zafin tsakiyar Rana. Kuskuren kashi 1 cikin 100 a zafin da ya haura digiri miliyan 15 zai sauya adadinsu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Wa ya taɓa kai ma'aunin zafi tsakiyar Rana? Bahcall ya kafe. A 2001 da 2002 ma'aunin nutirino na Sudbury a Kanada, da tan 1,000 na ruwa mai nauyi (wanda haidurojin ɗinsa ya fi na ruwan sha nauyi) a cikin wani ramin ma'adinai, ya nuna cewa lissafinsa daidai ne. Nutirinon suna sauya jinsi a hanya, tankin Davis kuma jinsi ɗaya kaɗai yake gani. Hakan na nufin suna da nauyi, abin da babbar ka'idar ƙwayoyin zarra ta ce ba su da shi. An ba Davis Nobel a 2002. Bahcall ya rasu a 2005 bai samu ba.

Yanzu a ɗauki alƙaluman Davis na shekara 30 a ba na'urar da aikinta koyon abin da aka nuna mata. Za ta haddace su tsaf, ta yi hasashen na baɗi ba kuskure, kowa ya tafa. Ba za ta taɓa cewa akwai matsala ba, domin ba ta da wani abin da take tsammani daga wajen bayanan. Giɓin nan na kashi biyu cikin uku, wanda shi ne ganowar, ya wanzu ne saboda wani mutum ya ce bisa dokokin fiziks ga abin da dole a gani, aka auna aka ga saɓani. Wannan ita ce hujjata, kuma har yau ban ji mai tallar na'ura ya amsa ta ba.

Kada a ce wannan zancen taurari ne kawai. A sauko kan abubuwa masu taushi: kumfa, madara, fenti, roba, man shafawa, ƙullu. A 1957 Berni Alder da Thomas Wainwright a ɗakin bincike na Livermore suka sa kwamfuta ta kwaikwayi wasu ƙwallaye masu tauri, 32 a wani gwajin, 108 a wani, waɗanda ba sa jan juna ko kaɗan, karo kawai suke yi su koma. Da aka matse su sai suka jeru sahu-sahu da kansu, suka daskare. Manyan masana suka ƙi yarda, don a tunanin lokacin sai da jan juna ake daskarewa. A wani taro a shekarar, masanin fiziks George Uhlenbeck ya sa aka kaɗa ƙuri'a kan batun, ɗakin ya rabu biyu. Babu bayanan da za a koya wa na'ura a nan, tunda irin waɗannan ƙwallaye ba su wanzu a ɗakin gwajin kowa ba. Sai a 1986 Peter Pusey da William van Megen suka haɗa ƙananan ƙwallayen roba a cikin ruwa, suka jera kwalabe, aka ga masu cunkoso sun fara walƙiya da launuka saboda ƙwallayen sun jeru, a daidai cunkoson da lissafi ya nuna, wato idan sun cika kusan rabin wurin. Kwamfuta ta riga ido da shekara 29, kuma ta yi hakan ne da dokar Newton da tambaya mai kyau.

Ko a duba Pierre-Gilles de Gennes na Faransa, wanda ya karɓi Nobel a 1991. Narkakkiyar roba dogayen sarƙoƙi ne da suka cuɗe kamar dafaffiyar taliya a tukunya. A 1971 ya ce kowace sarƙa ba ta da hanyar motsi sai ta bin tsawonta, don maƙwabtanta sun tare ta ta kowane gefe. Daga wannan tunani ɗaya lissafi ya ce idan aka ninka tsawon sarƙa, kaurin narkakkiyar robar zai ninku sau 8. Masu aunawa suka ce a'a, sau 10 da ɗoriya ne. Wannan ɗan saɓanin ya ci shekaru ana binsa, har Masao Doi da wasu suka nuna cewa bakin sarƙar yana shiga yana fita, maƙwabtan su ma ba a tsaye suke ba. Da samfurin da ya dace da awo ɗari bisa ɗari aka fara, da babu wanda zai nemi dalili.

Duk wanda ya taɓa dama garin sitaci da ruwa kaɗan ya san abin mamakin nan: ka sa yatsa a hankali ya nutse, ka buga da ƙarfi ya yi tauri har ya tsage. An daɗe ana jingina abin ga yadda ruwa ke matsewa tsakanin ƙwayoyin garin. A 2013 Ryohei Seto da abokan aikinsa a New York suka saka gogayya tsakanin ƙwayoyin a cikin kwaikwayon kwamfuta, sai taurin ya bayyana kwatsam. Suka cire ta, ya ɓace. Wannan damar ta cire sababi ɗaya ka ga abin da zai faru, ita ce samfurin da aka gina da ka'ida ke bayarwa, kuma masu siminti da masu cakulan suna cin moriyarta yau.

Za a ce AlphaFold fa, manhajar hasashen siffar furotin da ta kawo wa Hassabis da Jumper kyautar? AlphaFold aiki ne babba, na yarda, ya fitar da hasashen siffar furotin sama da miliyan 200. Amma daga ina ya koya? Daga rumbun siffofin furotin da aka buɗe a 1971 da guda 7 kacal, wanda masana suka cika ɗaya bayan ɗaya tsawon rabin ƙarni da gumin goshinsu. Yana faɗa maka siffar ƙarshe, ba ya faɗa maka yadda sarƙar furotin ɗin ta naɗe ta kai can, kuma a sassan furotin da ba su da tsayayyar siffa, waɗanda suke da yawa a jikin ɗan Adam, shi da kansa yake nuna ba shi da tabbas. Masu kawo misalin GraphCast, mai hasashen yanayin kwana 10 cikin ƙasa da minti ɗaya, su ma su tuna cewa bayanan kusan shekara 40 da ya koya daga ciki, samfurin fiziks na cibiyar hasashen yanayi ta Turai ne ya tace su. Shi kansa Hopfield, tsarin da ya fitar a 1982 daga ka'idar maganaɗisu ya aro shi. An ci tuwo an ƙoshi, ana zagin murhu.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ana wannan surutun alhali Rana, tauraron da ke bisa kanmu, har yanzu lissafinta bai rufe ba. Wajen 2005 Martin Asplund da abokansa suka sake auna sinadaran fuskar Rana da sabon samfuri mai kwaikwayon tafasarta, suka samu cewa kabon da naitirojin da oksijin sun gaza yadda aka ɗauka da kusan kashi ɗaya cikin uku. Da aka zuba sabbin alƙaluman a samfurin cikin Rana sai ya daina dacewa da abin da girgizar fuskarta ke nunawa, har da zurfin inda tafasar ke farawa, kusan kashi 71 cikin 100 na nisa daga tsakiya. A 2015 James Bailey da tawagarsa a ɗakin bincike na Sandia da ke New Mexico suka gasa ƙarfe, ɗaya daga cikin sinadaran da ke tare haske a cikin Rana, zuwa kusan digiri miliyan 2, suka ga yana tare haske fiye da yadda ka'ida ta ce, da kashi 30 zuwa 400 cikin 100 gwargwadon launin hasken. Ana nan ana jayayya. Kuma da ma'aunin Rana ake auna shekaru da sinadaran sauran taurari, don haka kowace na'ura da aka horar da kundin taurari ta haɗiye wannan saɓanin ba ta sani ba.

Masu cewa a haɗa biyun, ka'ida da na'ura, ba su faɗi abin da wani ya musa ba. Masu lissafin taurari da na ƙwayoyin roba sun daɗe suna amfani da koyon na'ura don rage wahalar ƙididdiga. Rigimar a kan wa zai ja ragama ce, da kuma inda kuɗi da ƙwararrun matasa za su tafi.

Masu raba kuɗin bincike su ware wani abu ga masu kula da manhajoji irin su MESA na taurari da LAMMPS na ƙwayoyi, waɗanda kyauta ne, kuma ɗalibi a Kano ko Maraɗi zai iya sauke su a kwamfutar cinya ya fara aiki. Mujallun kimiyya kuma, duk wanda ya kawo musu takarda yana alfahari da cewa na'urarsa ta dace da bayanai kashi 99 cikin 100, su mayar masa da ita ya rubuta shafi ɗaya kan abin da ya sa ragowar kashi ɗayan ya ƙi.