Ranar da na so yi wa layin dogo walda

Mu a Damagaram in an ce tasha, mota ake nufi, jirgin ƙasa bai taɓa leƙo mu ba. Duk da haka sai da gardama ta kaure a fadarmu ta hira da shan shayi a unguwar Zengo: tsohon jirgin Kano zai iya hawa sabon layin da ake shimfiɗawa zuwa Maraɗi? Ni mai walda na ce dogo ai dogo ne. Aka ce wanda ya faɗi, sukarin shayi na mako guda a wuyansa.

Da na je Kano sarin ƙarfe, na zarce tashar jirgi da mitata a aljihu. Tana wajen ganuwa ta ɓangaren Fagge. Layin ya iso a 1911, ta nan kuma gyaɗa ta riƙa gangarawa Legas. Ban tsaya kallon gini ba, na tsugunna na auna daga bayan wannan ƙarfe zuwa bayan wancan, na sami kusan santimita 119.

A nan idona ya faɗa kan mahaɗa. Faranti biyu sun riƙe ƙarafan da noti huɗu, amma ga 'yar kafa a tsakani, kamar wushirya. Raina ya ɓaci. Na ce wa wani dattijo ma'aikaci, "Baba, wa ya yi muku wannan aika-aika? Da injina na nan da na like muku kyauta."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Yaro, daga ina?"

"Damagaram."

"Shi ya sa."

Ya ce kafar da gangan aka bar ta. Ƙarfe mai mita 12, in zafinsa ya ƙaru da digiri 30, yana miƙewa sama da milimita 4. Ka toshe masa wurin miƙewa, rana ta lanƙwasa shi, jirgi ya sauka daga layi. Abin kunyar, na san haka a ƙyauren gida. Sannan ya karɓi mitar ya auna ciki da ciki, inda bakin ƙafar jirgi ke bi: milimita 1,067, wato ƙafa 3 da inci 6. Sabon layi 1,435 ne, wanda aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso kuwa 1,000.

Ke nan tsohon jirgi ba zai hau sabon layi ba, na faɗi. Na dawo na sayi sukari a kasuwar Dole. Har yau in na doso fada sai a ce, "A ba injiniya kujera."