Maganin sikila na CRISPR bai soke gwajin jini ba

Wanda ya haɗa bidiyon nan da ke yawo na "an gano allurar da ke warkar da sikila", da duk wanda ya tura shi gaba har ya ƙara da cewa yanzu AS da AS, wato masu ɗauke da gadon cutar ba tare da suna da ita ba, su yi aurensu hankali kwance, sun yi ɓarna, kuma ba ƙarama ba.  Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne an ɗauko gaskiya mai kyau, wadda masana suka shafe shekaru suna shan wahala a kanta, an ɗora mata ƙarya biyu. Ta farko, wai allura ce a yi maka ka tashi ka koma gida. Ta biyu, wai ta kawar da gadon cutar. Ta biyun nan ita ce za ta jefa yaran da ba a haifa ba tukuna cikin azaba. Maganin nan ba ya taɓa abin da mutum zai gadar wa ɗansa. Ko kaɗan.

Maganin dai akwai shi, sunansa Casgevy, kamfanonin Vertex da CRISPR Therapeutics ne suka samar da shi. Hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta amince da shi a watan Nuwamban 2023, ta Amurka ta biyo baya ranar 8 ga Disamba na wannan shekarar, ga masu shekara 12 zuwa sama waɗanda ciwon ke yawan tasar musu. Shi ne magani na farko a duniya da aka amince da shi wanda aka yi da fasahar CRISPR, wato almakashin yanka ƙwayoyin halitta, wadda Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka bayyana a 2012, suka kuma ci lambar Nobel ta ilimin sinadarai a kanta a 2020. A bayanan da hukumar Amurka ta duba, cikin mutum 31 da aka bi diddiginsu tsawon lokacin da ake buƙata, 29 sun yi aƙalla wata 12 a jere ba tare da mummunan tashin ciwo ba. Duk wanda ya taɓa ganin mai sikila yana murƙususu saboda ciwon ƙashi ya san wannan babbar rahama ce. Ba na rage mata daraja. Amma ku tsaya ku ji me ake gyarawa a jikin, kuma a ina.

Asalin sikila harafi ɗaya ne tak da ya sauya a ƙwayar halittar da ke tsara himoglobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a jajayen ƙwayoyin jini. Wannan sauyin ya sa a gurbi na shida na sarƙar sinadarin aka samu valine maimakon glutamic acid. Idan oksijin ya yi ƙasa sai himoglobin ɗin ya manne wa juna ya zama dogayen sanduna, ƙwayar jinin ta lanƙwashe ta ƙage, ta toshe ƙananan jijiyoyi. Lafiyayyar ƙwaya tana yin kwana 120, mai sikila kwana 10 zuwa 20 ta mutu. To Casgevy bai ma gyara wannan harafin ba. Yana nan daram. Dabarar da aka yi ita ce, jariri a ciki yana amfani da wani himoglobin dabam, na tayi, wanda ba ya lanƙwashewa. Bayan haihuwa wata ƙwayar halitta mai suna BCL11A tana kashe shi a hankali, shi ya sa yaro mai SS, wato wanda ya gaji sikila daga uwa da uba, yakan yi lafiya lau har kusan wata shida kafin alamu su fara fitowa. CRISPR yana yanka wurin da ke kunna BCL11A a ƙwayoyin da ke zama jajayen ƙwayoyin jini, sai himoglobin na tayi ya dawo da yawa ya hana na sikila mannewa.

A ina ake wannan yankan? A uwayen ƙwayoyin jini da ke cikin ɓargo, su kaɗai, kuma a wajen jiki, a ɗakin gwaji. Maniyyi da ƙwan mace ba a kusance su ba. Mutumin da aka haifa SS, aka yi masa wannan aikin ya warke sarai, duk ɗan da zai haifa zai ba shi S, wato gadon sikilar. Duk ɗa, babu togiya. Idan abokin aurensa AS ne, kowane ciki rabi da rabi ne tsakanin AS da SS. Idan AS da AS ne, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS, yau kamar jiya, kamar shekara hamsin da suka wuce. Kuma lissafin nan na kowane ciki ne shi kaɗai. Ba wai idan na fari ya zo SS sauran ukun sun tsira ba ne. Ana iya haihuwar huɗu duk su zo da shi.

Sai maganar wai allura ce. Kafin a fara komai, ana yi wa mutum canjin jini ko ƙarin jini na aƙalla mako 8 don himoglobin na sikila ya sauka ƙasa da kashi 30 cikin 100, a kuma dakatar da hydroxyurea, maganin da masu sikila ke sha kullum. Sannan a ba shi plerixafor don ya koro uwayen ƙwayoyin daga ɓargo zuwa jijiya. Maganin da aka saba korowa da shi a sauran mutane, G-CSF, ba a ba mai sikila domin yana iya tayar da ciwon har ya yi kisa. A jona mutum da na'ura sa'o'i tana tace jininsa tana tara ƙwayoyin. Sau da yawa zagaye ɗaya ba ya isa, sai an dawo bayan makonni an sake, domin ana buƙatar aƙalla ƙwaya miliyan 3 a kowane kilo na nauyinsa bayan gyara, ban da wasu da ake ajiyewa ba a taɓa su ba saboda gudun kada gyararrun su ƙi kamawa. A aika su masana'anta, gyara da gwajin inganci na iya cin wata shida.

Daga nan ne wahalar gaske take farawa. Dole a share tsohon ɓargon kafin sabon ya samu wurin zama, kamar yadda ake ƙone gona kafin a zuba sabon iri. Ana yin haka da busulfan, maganin kansa mai tsananin ƙarfi, kwana 4 a jere. Gashi ya zube. Baki da maƙogwaro su yi gyambo har haɗiyar ruwa ta gagara. Fararen ƙwayoyin jini su faɗi ƙasa warwas, ƙwayar cutar da lafiyayye ba zai ma ji ta ba ta zama barazana ga rai. Ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini su ma su faɗi, sai an yi ta ƙara su. Mutum zai kwanta a keɓe a asibiti mako 4 zuwa 6 yana jiran sabon ɓargon ya kama. Kuma busulfan yana iya hana haihuwa har abada, mace da namiji, shi ya sa ake ba da shawarar a ajiye maniyyi ko ƙwai a sanyi tun kafin a fara. Bayan duk wannan za a ci gaba da bin lafiyar mutum shekara 15, domin a tabbatar almakashin bai yanki wani wuri da ba a nufa ba. Farashinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne, ban da kuɗin kwanciya. Ɗan uwansa Lyfgenia, da aka amince da shi rana ɗaya, dala miliyan 3.1, kuma a jikin takardarsa akwai gargaɗi mafi girma na yiwuwar kansar jini. Wannan shi ne abin da aka taƙaita muku a bidiyon minti ɗaya da kiɗa a bayansa.

Na ga masu cewa ai kimiyya gudu take yi, kafin yaran su girma an samu mai sauƙi. Wataƙila. Ana aiki a kan gyaran da za a yi cikin jiki ba tare da busulfan ba, ina kuma fatan ya tabbata. Amma ciwon ba ya jiran yaro ya kai shekara 12. Saifa tana fara lalacewa tun a shekarun farko, shanyewar ɓarin jiki tana kama yara 'yan shekara biyu zuwa tara, ƙwayar cutar nimoniya tana iya kashe jariri mai SS cikin sa'o'i. Ba a haifar ɗa bisa alƙawarin binciken da ba a kammala ba. Ƙididdigar da aka fitar kan shekarar 2021 ta nuna an haifi jarirai kusan 515,000 da sikila a duniya a wannan shekara kaɗai, mutum miliyan 7.7 kuma suna rayuwa da ita. Ku kwatanta wannan da aikin da ke buƙatar cibiyar dashen ɓargo da wata da watanni a kan mutum ɗaya.

Wasu kuma suka ce to me zai hana a gyara tun daga ƙwai a huta. An taɓa gwada irin wannan a kan 'ya'yan mutane. A 2018 He Jiankui na ƙasar Sin ya sanar da haihuwar tagwaye da ya taɓa musu ƙwayoyin halitta tun suna 'yan tayi, masana a duniya suka yi tir da shi, kotu ta ɗaure shi shekara uku. Dalili a fili yake: kuskuren yanka a ɓargo yana tsayawa a kan mutum ɗaya, kuskure a tayi yana shiga kowace ƙwaya ta jiki ya wuce zuwa jikoki. Babu wani magani da aka amince da shi da ke sauya abin da ake gada. Babu. Casgevy ma ba ya yi, dashen ɓargo daga ɗan uwa da ake warkar da sikila da shi tun 1984 shi ma ba ya yi.

Abin da ya ɗaga mini hankali fiye da komai shi ne masu rubutawa a ƙarƙashin bidiyon cewa za su daina ba yaransu hydroxyurea tunda mai warkarwa ya zo. Don Allah kada ku yi. Wannan ƙwayar ita ma himoglobin na tayi take ɗagawa, manufa ɗaya da ta Casgevy, sai dai a hankali kuma kullum sai an sha. Binciken 1995 a kan manya ya nuna ta rage tashin ciwo da kusan rabi. Binciken REACH da aka buga a 2019, a kan yara kusan 600 a Angola da Kongo da Kenya da Uganda, ya nuna raguwar ciwo da ƙarin jini da zazzaɓin cizon sauro da mutuwa. Ana farawa da miligiram 15 zuwa 20 a kowane kilo sau ɗaya a rana, likita yana auna jini a kai a kai, domin idan ta yi yawa tana danne ɓargo, idan kuma aka bar yaro a kan tsohon ma'auni alhali ya ƙara nauyi sai ta zama ba ta isa ba a ce ba ta aiki. Tana ɗaukar watanni kafin a ga amfaninta sosai, nan ne da yawa suke gajiya su bari. Ga penicillin kullum ga ƙananan yara zuwa shekara 5, wanda binciken 1986 ya nuna ya rage mummunar cutar da ƙwayar nimoniya ke haddasawa a jini da kashi 84 cikin 100. Ga hoton jijiyoyin ƙwaƙwalwa duk shekara daga shekara 2 zuwa 16: idan gudun jini ya kai santimita 200 a daƙiƙa yaron na cikin hatsarin shanyewar jiki, kuma binciken STOP na 1998 ya nuna ƙarin jini a kai a kai yana rage hatsarin da kusan kashi 90. Zazzaɓin da ya kai 38.5 ga mai SS kuwa asibiti ne nan take, ko tsakar dare ne.

Waɗannan sun daɗe ana gwada su sun tsaya da ƙafarsu. Sabo kuwa ba kullum yake tsayawa ba. Wani sabon maganin sikila, voxelotor, an yi ta murna da shi a 2019, a watan Satumban 2024 kamfanin Pfizer ya janye shi daga duniya baki ɗaya saboda bayanan da suka nuna ƙarin tashin ciwo da mace-mace. Wani kuma, crizanlizumab, Tarayyar Turai ta soke izininsa a 2023 bayan babban gwaji ya kasa nuna ya fi maganin bogi. Mai yin bidiyon ba zai dawo ya faɗa muku wannan ba. Don haka gwajin jini yana nan yadda yake, kuma a yi shi da kyau: gwajin da ke cewa kawai "akwai sikila" ko "babu" ba ya bambance AS da SS, ba ya kuma ganin wasu matsalolin himoglobin da ake gada irin su C ko talasimiya, alhali AS da AC na iya haifar SC, wanda shi ma sikila ne. A nemi wanda ke rarrabe nau'o'in himoglobin ɗaya bayan ɗaya, kuma kada a yi shi cikin wata uku da ƙarin jini, domin jinin wani zai ɓata sakamakon.

Tunda ma an zo kan AS, akwai wata magana da ke yawo ita ma, wai mai AS kada ya yi gudu ko ɗaga ƙarfe. Ba haka binciken ya ce ba. A 2016 an buga nazari kan baƙaƙen fata sojojin Amurka kusan 48,000, ba a ga masu AS sun fi sauran mutuwa ba. Abin da aka gani shi ne sun fi sauran hatsarin narkewar tsoka bayan motsa jiki mai tsanani da kusan kashi 54 cikin 100, kuma a nazarin, ƙiba da shan taba ma sun ɗaga hatsarin kusan haka. Hatsarin yana zuwa ne idan aka haɗa zafi da ƙishirwa da gudun ƙure ƙarfi ba hutu, musamman ga wanda bai saba ba ko ya hau wuri mai tudu sosai. A fara a hankali a ƙara mako bayan mako, a sha ruwa kafin a ji ƙishi, a huta tsakanin zagaye, kada a fita atisaye da zazzaɓi. Idan ƙafafu suka saki suka yi laushi ba ɗaurewa ba, ko numfashi ya ƙi dawowa, ko fitsari ya koma baƙi-baƙi, a tsaya nan take a nemi likita ya duba ƙoda. Kocin da ke tsaye da usur yana cewa a daure a ƙarasa zagayen, shi ya kamata a fara yi wa wannan bayanin.