Me ya sa mulhidan Turai ke ɗaga wa 'yan Wicca ƙafa?

Akwai abin da na daɗe ina lura da shi a muhawarar Turawa kan addini, yau kam sai na amayar da shi, ku yi haƙuri da tsawon rubutun. Mutum ne zai ce bai yarda da Allah ba, bai yarda da lahira ba, ba ya karɓar komai sai abin da aka gwada aka tabbatar. Da an ambaci Fafaroma ko wani malamin Musulunci sai jijiyar wuyansa ta tashi. Amma a kawo maganar matar da ke kunna kyandir tana kiran allahiyar wata, sai ka ga ya yi murmushi ya ce, ai su waɗannan ba su da matsala. To tsakani da Allah, wace hujja ce ta ƙaru a nan?

Ga wanda bai san su ba: Wicca addini ne na baya-bayan nan, a Ingila aka haife shi. Wani tsohon ma'aikacin kwastan na mulkin mallaka a Malaya (wani ɓangare na Malesiya ta yanzu), Gerald Gardner, shi ya fito da shi fili. Ya ce a 1939 wasu masu tsafin gado a yankin New Forest suka shigar da shi cikinsu. Bai saki jiki ya yi ta shela ba sai da aka soke dokar hana maita ta 1735 a shekarar 1951, sannan ya fitar da littafi a 1954. Mabiyansa kan taru ƙungiya-ƙungiya, bisa al'ada ba sa wuce mutum 13. Su zana da'ira a ƙasa, su ajiye gishiri da ruwa da turaren wuta da wata wuƙa da ba a yanka da ita, su kira allahiya mace da wani abin bauta mai ƙaho. Bukukuwa takwas gare su a shekara, masu bin juyawar yanayi. Wicca reshe ɗaya ne kawai na sabon maguzancin Turawa. Akwai masu farfaɗo da bautar Odin da Thor, allolin tsoffin mutanen arewacin Turai, akwai Druid, masu kwaikwayon tsoffin limaman gargajiyar Birtaniya, da ke cika Stonehenge, wani tsohon wurin jerin manyan duwatsu a Ingila, ranar da yini ya fi tsawo.

Ni Musulmi ne, kuma a addinina wannan shirka ce tsagwaronta, ba sai na tsaya dogon bayani ba. Ba su nake wa magana ba yau. Da masu cewa su hankali kaɗai suke bi nake.

In da hujja ake bi, da Wicca ce za ta fi shan duka a hannunsu, domin tarihinta a buɗe yake. Iƙirarin cewa tsohon addini ne da ya ɓuya tun kafin zuwan Kiristanci ya jingina ne da ra'ayin Margaret Murray na 1921, wanda masana tarihi suka yi watsi da shi tuntuni. Farfesa Ronald Hutton na jami'ar Bristol, wanda ko kaɗan ba maƙiyinsu ba ne, ya bi diddigin abin a littafinsa na 1999, ya nuna harhaɗa shi aka yi a ƙarni na 20. Har an san hannun da ya rubuta addu'o'insu da dama, wata mata ce Doreen Valiente. Addinin da aka san wanda ya harhaɗa shi da shekarar da ya fito, shi ne mai neman hujja ke kawar wa da kai.

Dalilin a wurina a fili yake: ba su da ƙarfi. A ƙidayar Ingila da Wales ta 2021, kimanin mutum 74,000 ne suka rubuta cewa su maguzawan zamani ne, wasu 13,000 suka ce Wicca, alhali waɗanda suka ce ba su da addini sun haura miliyan 22. 'Yan Wicca ba sa ƙwanƙwasa ƙofar kowa don wa'azi. Ba su da kujeru 26 a majalisar dattawan Birtaniya kamar bishop-bishop na cocin Ingila. Ba sa rigima kan abin da za a koya wa yara a ajin kimiyya. Da yawansu ma daga coci suka fito da fushi, kamar yadda mulhidin ya fito, don haka tafiyarsu ta zo ɗaya. Bishiya mai 'ya'ya ake jifa.

Kuma in za a yi adalci, an zalunce su. A 1993, a jihar Arkansas ta Amurka, aka kama samari uku kan kisan wasu yara, aka yi amfani da sha'awar da ɗayansu, Damien Echols, ke yi wa Wicca a matsayin alamar bautar Shaiɗan. Hukuncin kisa aka yanke masa, sai 2011 aka sake su. Sai kuma Saje Patrick Stewart, sojan Amurka da aka kashe a Afganistan a 2005. Matarsa ta nemi a sa alamar addininsa, tauraro mai tsini biyar cikin da'ira, a kan allon tunawa da shi a maƙabartar sojoji, hukuma ta yi ta jan ƙafa. Abin mamaki, alamar mulhidai ma tana cikin jerin da aka amince da su tuntuni. Sai da masu fafutikar raba addini da gwamnati suka kai ƙara, a 2007 hukumar ta sauko. A nan ba ni da ta cewa. Mutum ya mutu a bakin aikin ƙasarsa, a bar iyalinsa su yi masa alamar da ya yarda da ita.

Amma kare haƙƙin mutum daban, yi wa iƙirarinsa shiru daban. A nan ne nake ganin girman irin su marigayi James Randi, duk da akidarmu ta yi hannun riga. Shi ɗan dabo ne da ya san dabarun rufa ido, ya ajiye dala miliyan ɗaya ga duk wanda zai nuna wani ƙarfin ɓoye a gaban gwaji, boka ne, fasto ne, mai duba ne, ba sani ba sabo. Har aka rufe gasar a 2015 babu wanda ya ci. A farkon 2017 kuwa, da masu tsafin zamani suka yi gangami a intanet za su ɗaure Donald Trump da asiri, da kyandir da hotonsa da zare, 'yan boko da yawa da ke kiran kansu masu bin kimiyya dariyar jin daɗi suka yi, don wanda ake wa asirin ba nasu ba ne. Mutumin ya gama wa'adinsa, ya kuma dawo a zaɓen 2024. Da wani fasto ne ya tara jama'a ya yi irin wannan a kan ɗan takararsu, da mun sha surutu.

Ku duba ma yadda sassaucin ke gushewa da siyasa ta sauya. Ƙungiyar Asatru Folk Assembly, masu bautar Odin da ba sa karɓar kowa sai farar fata, ta sayi wani tsohon coci a ƙauyen Murdock na jihar Minnesota a 2020, nan take aka yi musu ca. Daidai ne a yi musu. Sai dai hujjar samuwar Odin ba ta fi ta allahiyar wata rauni ba, ba ta kuma fi ta ƙarfi ba. Ke nan ma'aunin shi ne wa ke cutarwa, wa ke da iko. Ma'auni ne mai kyau, amma a faɗe shi da sunansa, a daina ɗaga mana tutar kimiyya.

Shi ya sa marar addini a Afirka ba ya samun sukunin wannan murmushin. Leo Igwe, ɗan Najeriya da ya kafa ƙungiyar kare waɗanda ake zargi da maita, maganarsa ɗaya ce: babu maita, a daina dukan tsofaffi. Mu nan ai mun san abin. Yaro na zazzaɓi ya fara sambatu ya kira sunan wata gwauruwar tsohuwa a unguwa, kafin ka ce kwabo an cika ƙofar gidanta, a jawo ta a ce ta kama masa kurwa, sai ta tsallake shi. Na sani sarai 'yan Wicca ba ruwansu da wannan, ƙa'idarsu ma ita ce ka yi abin da kake so matuƙar ba ka cutar da kowa ba. Amma wanda ya gaskata cewa kyandir da zare na iya ɗaure mutum daga nesa, da wane baki zai ce wa mutanen ƙauye tsohuwa ba ta iya kama kurwa? A Yulin 2020, a garin Kafaba da ke arewacin Gana, aka lakaɗa wa wata tsohuwa 'yar shekara 90 duka a bainar jama'a har ta mutu, bayan wata mai duba ta nuna ta. A Gambaga, can ma a arewacin Gana, har yanzu akwai sansanin matan da danginsu suka kora kan wannan zargi. Majalisar Gana ta zartar da dokar hukunta masu jifan mutane da maita a 2023, shugaba Akufo-Addo ya sauka daga mulki bai sa mata hannu ba.